The Big O: katun ɗin da Japanawa suka yar, 'yan kallon fassara suka tsince shi

Akwai wani katun ɗin Japan da na daɗe ina son mu yi hirarsa amma duk wanda na tara da zancen sai ya ce bai taɓa jin ko sunansa ba, har yaran nan da suka haddace mutanen cikin Naruto da One Piece fiye da sunayen 'yan uwan babansu. Sunansa The Big O. Kamfanin Sunrise ne ya yi shi, wato masu Gundam, ya fara fita a tashar tauraron ɗan adam ta WOWOW a watan Oktoban 1999, darakta Kazuyoshi Katayama, mai zanen mutane da injina Keiichi Sato, babban marubuci kuma Chiaki Konaka. An tsara shi kashi 26 ne tun farko, amma da aka ga 'yan kallo a Japan ba su waiwaye shi ba sai aka datse shi a kashi 13, ya tsaya a Janairun 2000 ana tsakiyar rikici, wasu manyan mutum-mutumi guda uku sun ɓullo daga cikin teku sun nufo gari, sai kawai aka rubuta za a ci gaba. Kuma a lokacin babu wani ci gaba da ke tafe.

Ni ma ban gan shi a lokacinsa ba. Shekaru da yawa bayan nan wani abokina ya tura min shi a filashi tare da tarkacen finafinai, ya kai wata uku ban buɗe ba.

Ga labarin a gajarce. Akwai wani birni da ake kira Paradigm, idan ka lura da gadoji da benayensa za ka ce New York ce aka yi wa duka. Shekara 40 da suka wuce wani abu ya faru, aka wayi gari duk mutanen birnin sun manta komai, ba wanda ya san sunansa na asali, ko uwarsa, ko me ya faru jiya. Amma hannu bai manta sana'a ba, mai gyaran wuta yana gyarawa, mai tuƙi yana tuƙi, sai rayuwa ta ci gaba a haka. Masu kuɗi suka koma cikin wasu manyan ƙubbobi na gilashi masu rana ta ƙarya a ciki, talakawa suka zauna a waje cikin sanyi da hazo, kamfani ɗaya tal shi ne gwamnati shi ne mai wuta shi ne mai 'yan sanda. Sannan mutanen garin suna mugun tsoron shiga ƙarƙashin ƙasa inda tsohon layin jirgi yake, su kansu ba su san dalilin tsoron ba. Abin da ya fi komai tsada a wannan birni shi ne tuno baya. Idan wani tsoho ya wayi gari ya tuna yadda ake haɗa wani inji na kafin mantuwa, to ko dai ya yi arziki ko a kashe shi, ko kuma ya haɗa injin ya rushe unguwa guda.

Jarumin sunansa Roger Smith, tsohon jami'i ne a rundunar 'yan sandan soja da ya ajiye kaki ya kama sana'ar sasanci. Mai shiga tsakani ne, ana biyansa ya je ya yi magana a madadin wani. Baƙar kwat, baƙar mota doguwa, tsohon gida da dattijon mai hidima mai ido ɗaya da ake kira Norman, kuma dokar gidansa ita ce duk wanda zai zauna a ciki sai ya sa baƙin kaya. Kashi na farko ma da kai kuɗin fansa ya buɗe, an sace 'yar wani attajiri, Roger ya ɗauki jaka ya je karɓo ta. Gaskiya wannan wurin da na kalle shi sai da na ɗan yi shiru, domin a wajen wanda ya rubuta abin a Tokyo wannan salo ne kawai na tsofaffin finafinai, mu kuwa a Arewa yanzu kalmar fansa da mai shiga tsakani ba wasan talabijin ba ce. To, ya karɓo yarinya, sai uban ya dube ta ya ce wannan ba 'yarsa ba ce, mutum-mutumi ce. Haka Dorothy ta shigo labarin.

Kafin in zo kanta bari in warware wannan kalmar da masu sharhi ke liƙa masa, wato nuwa. Faransanci ne, ma'anarta baƙi. Masu sharhin fim na Faransa ne a wajen 1946 suka raɗa wa wasu finafinan Amurka wannan suna, finafinai marasa kala masu yawan duhu da inuwa, inda za ka ga ɗan bincike mai zaman kansa a ofis cikin dare hayaƙin taba na tashi, inuwar labule ta yi masa zane-zane a fuska, yana ba da labari da muryar wanda duniya ta isa, ga wata kyakkyawar mace da ta shigo da aiki wadda kai ɗan kallo ka san ƙarya take amma shi sai ya karɓa. A irin wannan fim ba a cin nasara cikakkiya, ko an kama ɓarawo za ka tarar wanda ya aike shi yana nan a kan kujerarsa. The Big O ya kwashi wannan kaf. Akwai matar da ke zuwa da sabon suna kusan duk fitowa, a ƙarshe dai Angel ake kiranta. Akwai mai ba Roger bayanan sirri a mashaya yana ɓoye fuska a bayan jarida. Akwai kiɗan busa da piyano na Toshihiko Sahashi mai sa ka ji kamar ƙarfe biyun dare ne ko da azahar kake kallo. Mutane da yawa suna cewa ai Batman ne aka ba shi mutum-mutumi, kuma ba su yi ƙarya ba, domin Sunrise na cikin kamfanonin Japan da aka ba kwangilar zanen wasu kashi na katun ɗin Batman na farkon shekarun 1990, kamannin ba a ɓoye yake ba.

Sai dai a fim ɗin nuwa idan magana ta ƙi sai a zaro bindiga. Roger ba ya riƙe bindiga. Idan sasanci ya watse sai ya ɗaga agogon hannunsa ya yi kira, ƙasa ta tsage, kwalta ta ɓare, wani baƙin ƙaton ƙarfe mai tsayin bene ya taso daga tsohon layin jirgin nan da kowa ke tsoro. Kuma nan ne wurin da na fi so a dukkan shirin, yanayin tafiyar wannan abu. Mutum-mutumin sauran katun na lokacin sirara ne, suna tashi sama suna wulƙitawa kamar 'yan wasan tsalle. Shi Big O tafiya yake kamar tirelar siminti a kan tudu. Duk taku ɗaya sai gilasan tagogi sun zube. A cikin ɗakin tuƙinsa feda ce da liba da maɓallai masu ƙara, Roger sai ya taka ya ja da ƙarfinsa kamar direban tsohuwar roka. Babban makaminsa naushi ne, a bayan kowace gwiwar hannu akwai wani ƙaton fistin da ke ja baya, idan dunƙulen ya sauka a jikin abokin faɗa sai fistin ɗin ya buga daga baya iska ta fasa ta ɗaya gefen. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa na Lista yana bugawa zai gane abin da nake nufi, ana jin nauyin a ƙirji. Da gangan suka yi haka, Katayama da Sato sun tashi ne da shirye-shiryen Japan na shekarun 1960 da 1970 inda ake sa mutum cikin rigar dodo ya riƙa taka ƙananan gidajen kwali, shi ya sa kyamara a nan kullum daga ƙasa take kallon sama kamar kai ne a kan titi kana neman wajen gudu.

Dorothy kuwa, wani tsohon masani ne ya ƙera ta da kamannin 'yarsa da ta mutu, wato ita kanta tunanin wani ce da aka zuba a ƙarfe. Da aka kashe tsohon ba ta da kuɗin biyan Roger ladan aikinsa sai ta tare a gidansa a matsayin mai aiki. Fuskarta ba ta motsi, muryarta ba hawa ba sauka, nauyinta kuwa Roger ba ya iya ɗaga ta. Kullum da safe sai ta zauna ta buga piyano da ƙarfi da sauri don ta tashe shi daga barci, ya fito yana masifa, ita kuma ta gaya masa baƙar magana ba tare da ta ɗaga gira ba. Wannan zaman doya da manjan nasu shi ne zuciyar shirin a wajena, ya fi faɗan ƙarafan. Akwai kashin da ta tsinci kyanwa ta ƙi rabuwa da ita, ban san lokacin da abin ya taɓa ni ba. Wani abin dariya, wadda ta yi muryar Dorothy a Japananci, Akiko Yajima, ita ce ta daɗe tana yin muryar yaron nan mara kunya Shin-chan.

To me ya sa bai karɓu a gida ba? Ni a ganina lokaci ne ya ci shi. Evangelion ya fito a 1995 ya canza wa mutane ɗanɗano, kowa na son yara 'yan shekara 14 masu ciwon zuciya suna tuƙa mutum-mutumi suna kuka. Cowboy Bebop na wannan kamfanin dai ya riga shi da shekara ɗaya ya kwashe duk masu son kiɗan busa da jarumi mai sanyin kai. Sai ga wani ya zo da babban mutum mai kwat, da zane mai kama da na Amurka, da inji mai tafiyar kunkuru. Ga matashin Japan na 1999 wannan tsohon yayi ne na zamanin babansa, kuma mai kama da kayan waje. Abin da ya kashe shi a gida kuwa shi ne ya rayar da shi a waje. A Afrilun 2001 tashar Cartoon Network ta sa shi da muryoyin Turanci a shirinta na yamma mai suna Toonami, yaran Amurka da suka tashi da Batman suka gan shi suka ce ai wannan namu ne. Karɓuwar ta kai tashar ta sa kuɗinta aka haɗa gwiwa da Sunrise aka yi sauran kashi 13 ɗin, suka fita a Japan a Janairun 2003, a Amurka kuma a Agustan shekarar a shirin dare na Adult Swim. Ku dubi wannan da kyau, rabin shirin gaba ɗaya bai samu ba sai don mutanen da ba su taɓa jin muryar asali ba. 'Yan kallon fassara ne suka biya sadakin zango na biyu.

Shi ya sa nake jin haushi idan 'yan gani-kashe-nin anime, wato katun ɗin Japan, suka fara cika bakin nan na cewa wanda bai kalla da Japananci da rubutu a ƙasa ba bai kalli komai ba. A wannan shirin dai muryar Turancin ta zauna daram, birnin kama da New York yake, sunayen duk na Turawa ne, salon maganar ma daga finafinan Amurka aka aro shi, fassarar kamar mayar da kaya gidan mai shi ce. Steve Blum ne ya yi Roger, shi ne dai muryar Spike a Cowboy Bebop, murya mai kauri kamar wanda bai yi barci ba. Ba wai ba a taɓa komai ba fa. Duk lokacin da Big O zai tashi akwai wani rubutu da ke wucewa a allon ɗakin tuƙi mai ambaton sunan Ubangiji da Turanci, a nunin yamma na yara sai aka ƙara harafi ɗaya, God ta zama Good, kalmar ta koma alheri. Harafi ɗaya, ma'ana ta sauya, kuma dubban yara suka girma da wannan a kansu a matsayin shi ne daidai.

Mu ma ai haka aka yi mana, har ma fiye. Wanda ya yi yarinta a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ya san Voltron a NTA. Tasha ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe 4 na yamma, kafin nan sai zane-zanen layi da ƙara a allo, ga makarantar Islamiyya ta yamma da ta ci karo da lokacin, ga wuta da za a iya ɗaukewa daidai lokacin da zakuna biyar ɗin suka fara haɗewa. A layinmu gida ɗaya ne mai talabijin, irin mai ƙofar katako da ake zugewa, mu yara a zauna a ƙasa a kan siminti, waɗanda ba su samu shiga ba su leƙa ta taga, idan hoto ya fara yayyafi a tura babban cikinmu ya je ya juya gorar eriya muna ihu ya yi, ya yi, a'a koma baya kaɗan. Turancin ma rabi muke ji. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan abin na Japan ne, mu dai katun ɗin Turawa muka sani. Sai da na girma na gano asalinsa GoLion ne na kamfanin Toei na 1981, wani kamfanin Amurka ya saya ya yanke ya sake rubuta maganganun ya fitar a 1984. Kun tuna Sven, wanda ya fara tuƙa shuɗin zaki kafin gimbiya ta karɓa? Mu an ce mana rauni ya ji aka kai shi wata duniya jinya, daga baya ma ya dawo. A na asali mutuwa ya yi murus, wanda ya dawo ɗin ƙaninsa ne mai kama da shi. Shekara da shekaru muna murnar dawowar mutumin da aka binne tun kashin farko-farko.

Kuma ba mu kaɗai ba. Yaran ƙasashen da ke jin Faransanci sun tashi da Goldorak wanda ya shiga talabijin ɗin Faransa a 1978, Larabawa suka san shi da Grendizer da muryoyin Labanawa, abu ɗaya ne na Japan na 1975, kowa na rantsuwa nasa ne na gaskiya. Waɗanda gidansu aka sa dish suka kama Spacetoon sun san Kyaftin Majid, ka je ka ce musu sunansa Tsubasa ka ga kallon da za su yi maka. Yau kuma ga yaranmu da finafinan Indiya na fassarar Hausa irin na su Algaita, inda jarumin Telugu zai buɗe baki ya yi maka habaicin 'yan Kano. Nan da shekara 20 waɗannan yaran muryar mai fassarar za su yi kewa, idan ka kunna musu na asali su ce wannan ba shi ba ne.

Abin da ya sa The Big O ya kama ni ke nan, domin tambayar da yake ta juyawa tun daga farko har ƙarshe ita ce wannan, idan abin da kake tunawa wani ne ya dasa maka shi, naka ne ko ba naka ba? Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa ya tsallake wannan sakin. Can gaba a labarin an gano cewa tsohon da ya kafa birnin, Gordon Rosewater, wanda ya koma gona yana noman tumatir, ya taɓa sa an dasa wa wasu yara tunanin mutanen da suka rayu kafin mantuwa, kuma tumatir ɗin nasa ma kwaikwayon ɗanɗanon na da ne, ba wanda zai iya shaida ko haka na gasken yake. Roger da bai kai shekara 40 ba yana ta ganin wuta da yaƙi a mafarkinsa, abin da bai kamata ya tuna ba. Shi ma tumatir ne? Ga wani ɗan jarida da ya shiga ƙarƙashin ƙasa neman gaskiya ya fito a ƙone naɗe da bandeji yana kiran kansa Schwarzwald, shi gani yake mutanen garin matsorata ne da suka zaɓi barci. Ga Alex ɗan Gordon da yake ganin duk wanda ya mallaki tunanin baya shi ne sarki. Roger yana tsakiya, matsayinsa shi ne ko ma wa ya rubuta masa jiya, shi ne ya zaɓi ya zama mai sasanci yau, kuma ko ruwa ake ya ga dama zai fita ba lema. A ƙarshe aka ɗaga kai sama aka ga ashe bayan gajimaren fitilun dandali ne a jere, birnin gaba ɗaya kamar wajen ɗaukar shiri ne, sasancin Roger na ƙarshe kuma da wadda ke riƙe da makunnin ne.

Ba zan yi muku ƙarya in ce zango na biyun ya fi ba. Konaka ya saki ƙananan labaran nan masu daɗi na kowane kashi da matsalarsa, ya kama falsafa, wasu kashin sai ka kalla sau biyu ka tashi da ciwon kai, kuma kashin ƙarshe ya bar ramuka da yawa a buɗe, har yau masoyansa na gardama a kan me ya faru. Zango na uku bai zo ba. Launin ma ya canza domin na farko da fenti aka yi shi a kan leda, na biyu a kwamfuta, duhun ya rage kauri. Idan mutum zai kalli kashi 13 na farko kawai ya tsaya, ba zan ce ya yi asara ba, duk da ni wannan ruɗanin na ƙarshe ya zauna min a kai fiye da shirye-shirye da yawa da suka ƙare tsaf.

Bayan na gama shi ne kewar Voltron ta taso min, na nemo a waya na kunna. Muryar mai gabatarwar nan tana fara magana tsikar jikina ta tashi, ita dai tana nan yadda na bar ta. Amma zanen, kai, ashe haka yake a daskare, baki kawai ke motsi, kuma haɗewar zakunan da muke ɗauka sabuwa ce kullum ashe hoto ɗaya ne ake maimaita mana. Na kira yayana na ce Yaya ka tuna jan zakin nan, ya ce sosai ma, ai shi ne nawa, jajawur da shi yana fitowa daga cikin dutsen wuta. Na ce to amma Yaya talabijin ɗin gidan maƙwabtan namu ai marar kala ce, a ina muka ga jan? Ya yi shiru can, sai ya ce kai dai yaro ne lokacin ba za ka tuna ba, mai kala ce. Na tambayi Hajiyarmu da daddare, ta ce ita dai abin da ta sani shi ne kullum sai ta aika an kamo mu sallar magariba.